Matan da Suka Rayu da Mata, Suka Ƙwato wa Mata Ƙuri'a

A shekarar 1911, babbar ƙungiyar da ke nema wa matan Amurka 'yancin jefa ƙuri'a, wadda ake kira NAWSA a taƙaice, ta zaɓi shugabanninta. Anna Howard Shaw ta ci gaba da zama shugaba, Jane Addams ta zama mataimakiya ta ɗaya, Sophonisba Breckinridge ta biyu. Cikin su ukun babu wadda ta taɓa yin aure. Shaw na zaune gida ɗaya da Lucy Anthony, sun shafe kusan shekara 30 tare. Addams na tare da Mary Rozet Smith, zaman da ya haura shekara 30. Breckinridge kuwa mata biyu ne suka cika rayuwarta a Jami'ar Chicago, Marion Talbot da Edith Abbott. Wadda ta karɓi shugabanci daga hannun Shaw a 1915, Carrie Chapman Catt, ta yi aure sau biyu, mazan duka suka rasu, kuma bayan rasuwar na biyun a 1905 ta koma zama da Mary Garrett Hay har mutuwa ta raba su a 1928.

In ka tsallaka teku zuwa Ingila da Jamus, irin wannan zama za ka tarar a gidajen jagorori da dama. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ya sa gwagwarmayar da ta fi kowace canza matsayin mace a siyasar Turai da Amurka ta dogara ƙwarai a kan matan da suka gina gidajensu da 'yan'uwansu mata.

Na san wasu masu karatu za su ɗaure fuska tun daga nan. Addinan da mafi yawanmu ke bi suna da sanannen matsayi a kan maɗigo, kuma ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ɓangarori biyu ke cin amanar wannan tarihi. Tsofaffin littattafai sun goge waɗannan abokan zama sarai, suka mai da su "sakatariya" ko "ƙawa", a ambace su a layi ɗaya a wuce. Wasu marubutan zamani kuma, saboda ɗokin samun kakanni, duk mace biyun da suka taɓa kwana ɗaki ɗaya sai su liƙa musu tambarin LGBTQ, wato masu son jinsinsu da ire-irensu. Duka biyun suna hana mu gane yadda aikin ya gudana, alhali nan ne darasin yake.

Mu fara da shari'a. A dokar Ingila, wadda Amurka ta gada, da zarar mace ta yi aure sai kotu ta daina ganinta a matsayin mai cin gashin kanta. Dukiyarta da albashinta suna komawa ƙarƙashin miji, haka nan ikon 'ya'ya. Sai a 1882 Birtaniya ta ba matar aure cikakken ikon mallakar abin da yake nata, abin da zai ba Musulmi mamaki, tunda shari'ar Musulunci ta daɗe da barin wa mace dukiyarta bayan aure. A Amurka wata doka ta 1907 ta ce duk Ba'amurkiyar da ta auri baƙo ta rasa zamanta 'yar ƙasa. Hukumomin makarantu da yawa sallamar malama suke yi da zarar an ɗaura mata aure. Don haka macen da ta yi karatu mai zurfi a wancan zamani, zaɓi biyu ne a gabanta, kuma da wuya ta haɗa su: ko miji, ko aiki.

Sai batun lokaci. Neman ƙuri'a ba aikin zaure ba ne. Tafiya ce a jirgin ƙasa da keken doki daga gari zuwa gari, wata da watanni, a yi lacca a coci yau, gobe a ɗakin taro, jibi a bakin titi. Elizabeth Cady Stanton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kira taron neman haƙƙin mata na Seneca Falls a 1848, 'ya'ya bakwai ta haifa. Abokiyar gwagwarmayarta Susan B. Anthony, wadda ba ta taɓa aure ba, takan je gidanta ta riƙe mata yara domin ta samu sararin rubuta jawabi, sannan Anthony ta ɗauki jawabin ta zaga da shi. Anthony ba ta ɓoye takaicinta ba duk lokacin da wata haziƙar mai magana ta yi aure ta shiga goyo, domin ta san an yi asarar ta na shekaru. Ita kanta Catt, an ruwaito cewa kafin ta auri George Catt a 1890 sai da suka yi yarjejeniya cewa za ta samu wata huɗu a kowace shekara don aikin ƙungiya. Miji ne mai goyon baya, mai hali kuma, amma duk da haka sai da aka yi ciniki.

Macen da ke zaune da mace ba ta bukatar wannan ciniki. Fiye da haka ma, takan samu abin da mazan siyasa suka saba samu a ɓagas, wato wani a gida da ke ɗauke mata ɗawainiya. Anna Howard Shaw limamiyar coci ce kuma likita, kuma a zamaninta da wuya a samu mai iya riƙe taro da magana kamarta. Amma wa ke amsa wasiƙu, ya tsara tafiye-tafiye, ya riƙe lissafin kuɗi, ya kula da gidansu na Moylan a jihar Pennsylvania? Lucy Anthony ce, 'yar ɗan'uwan Susan B. Anthony. Ba don ita ba, Shaw ba za ta iya shugabancin shekara 11 tana yawo ba. Shaw ta rasu a watan Yulin 1919, wata ɗaya bayan majalisa ta amince da gyaran kundin tsarin mulki na 19, wanda ya ba mata ƙuri'a, ba ta ga ranar da jihohi suka kammala tabbatar da shi a watan Agustan 1920 ba. Lucy na gefenta.

Ita kuma Mary Garrett Hay ba 'yar zaman gida ba ce. Ita ta jagoranci ƙungiyar birnin New York, ta tsara mata unguwa-unguwa da mazaɓa-mazaɓa irin yadda jam'iyyu ke yi. An kayar da su a ƙuri'ar raba gardama ta 1915, suka sake shiri suka ci ta 1917. Nasarar New York ce ta sauya lissafi a Washington, domin jiha ce mai kujeru da yawa a majalisa, kuma daga ranar wakilanta suka san mata na cikin masu zaɓensu. Catt na riƙe da ƙasa, Hay na riƙe da birnin New York, kuma teburin cin abinci ɗaya suke zama. Da wuya a samu ofishin da ya fi wannan aiki.

Kuɗi ma ta wannan hanya suka shigo. Mary Garrett ta Baltimore (wata ce daban da Hay), 'yar shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore da Ohio, ta gaji dukiya mai yawa. Ita ce ta ba Jami'ar Johns Hopkins kuɗin buɗe makarantar likitanci a 1893 bisa sharaɗin a ɗauki mata daidai da maza. Abokiyar zamanta ita ce M. Carey Thomas, shugabar kwalejin mata ta Bryn Mawr. A 1906 da NAWSA ta yi babban taronta a Baltimore, a gidan Garrett aka sauki Susan B. Anthony, wadda ta rasu 'yan makonni bayan haka, kuma su biyun suka ɗauki alƙawarin tara wa ƙungiyar dala 60,000, suka cika. Haka nan dukiyar Mary Rozet Smith ta tallafi Hull House, cibiyar taimakon talakawa da baƙin haure da Addams ta kafa a Chicago a 1889. Mace mai gado da ba ta da miji ita ke da iko da aljihunta, ta sa inda ta ga dama.

To me ke tsakaninsu? Nan ne ya kamata a taka a hankali. Bahaushe bai kamata ya sha wahalar fahimtar matsalar ba, domin mun san ƙawance. Mun san mace biyu da ke ɗinka anko, su kwana gado ɗaya ranar biki, su riƙe hannu a hanya, ɗaya ta yi kuka in ɗayar za ta yi nisa, kuma babu wanda zai kawo wani abu a ransa. Turawan ƙarni na 19 ma haka suke. Mata kan rubuta wa juna wasiƙu masu zafin ƙauna, kwana gado ɗaya kuma abu ne na yau da kullum, musamman a gidajen da ɗakuna ba su da yawa ga kuma sanyi. A arewa maso gabashin Amurka zaman mace biyu masu ilimi da abin hannu ya yi yawa har aka sa masa suna "auren Boston", kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Saboda haka kalmar ƙauna a cikin wasiƙa ba ta isa hujja ba.

Amma akwai inda hujjar ta wuce haka nesa ba kusa ba. Ethel Smyth, shahararriyar mai tsara kiɗa ta Ingila, ba ta ɓoye cewa mafi yawan soyayyarta ga mata take ba, ta rubuta hakan da hannunta. Alice Dunbar-Nelson, marubuciya baƙar fata daga New Orleans, ta yi aure sau uku, amma littafin da take rubuta al'amuranta na yau da kullum, wanda aka buga a 1984, ya nuna a fili cewa ta yi soyayya da mata. Jane Addams a wata wasiƙa ta shaida wa Smith irin kewarta da take yi, ta ce akwai hikima a al'adar ma'aurata ta rashin rabuwa, wato da ma'aurata take kwatanta kansu. Sun sayi gida tare a jihar Maine. Kafin rasuwarta a 1935 Addams ta ƙone da yawa daga wasiƙun da Smith ta aiko mata. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan ƙonawa, kuma ni a ganina ba ta tabbatar da komai ba illa cewa matar ta san za a zo a karanta da wani ido daban.

Akwai kuma inda aka yi azarɓaɓi. Annie Kenney, ma'aikaciyar masaƙa da aka kama tare da 'yar gwagwarmaya Christabel Pankhurst a Manchester a 1905 a kan neman ƙuri'a, ita ce misali. Wata 'yar ƙungiya, Mary Blathwayt, takan rubuta a littafinta wadda Kenney ta kwana da ita duk lokacin da ta sauka gidansu kusa da Bath. Masanin tarihi Martin Pugh ya karanta wannan a matsayin shaidar maɗigo, June Purvis ta ce sam, gida ne da ake sauke baƙi da yawa a kwana bibbiyu. A nan ina ganin Purvis ta fi kusa da gaskiya, domin rubutun bai faɗi abin da ake so ya faɗa ba. Catt da Hay kuwa, abin da suka bari a fili shi ne kabari. An binne su gefe da gefe a maƙabartar Woodlawn ta New York, dutse ɗaya a kansu, an rubuta cewa nan mutum biyu ke kwance waɗanda abota ta haɗa shekara 38 cikin hidimar babban buri. Catt na da mazaje biyu da suka riga ta, amma kusa da Hay ta zaɓa.

Abin da za a iya faɗa da tabbaci shi ne waɗannan mata sun ɗauki juna a matsayin abokan rayuwa. Sun haɗa gida da aljihu, sun yi wa juna wasiyya, sun yi jinyar juna, sun yi makokin juna irin na wanda ya rasa miji ko mata. Abin da ya faru bayan an rufe ƙofa ya bambanta daga gida zuwa gida, kuma ba shi ne ya kawo ƙuri'a ba. Zaman ne ya kawo ta.

Labarin Ingila ya fi zafi, domin can an fasa gilasai, an cika kurkuku. Kafin a kai ga nan, akwai mata biyu da na fi so a san su. Esther Roper 'yar talakawa ce da ta samu shiga jami'a a Manchester. Eva Gore-Booth 'yar masu ƙasa ce daga Sligo a Ailan. Sun haɗu a Italiya a 1896 inda kowaccensu ta je neman lafiya, sai Eva ta bar katafaren gidan mahaifinta ta koma wani ƙaramin gida a Manchester tare da Esther. A lokacin ana ganin neman ƙuri'a a matsayin sha'anin matan masu kuɗi. Su biyun suka kai maganar ƙofar masaƙun auduga na Lancashire, suna bin mata gida-gida bayan an tashi aiki, kuma a 1901 aka kai wa majalisa takardar koke mai ɗauke da sa hannun ma'aikata mata kusan 30,000. A hannunsu Christabel Pankhurst ta fara koyon aikin, kafin mahaifiyarta Emmeline ta kafa ƙungiyar neman ƙuri'ar mata da ake kira WSPU a 1903.

A 1908 gwamnati ta kawo ƙudurin da zai iya hana mata aiki a mashaya. Ko me mutum ke gani game da giya, magana ce ta abincin dubban mata da ba su da wata sana'a, kuma ba su da ƙuri'ar da za su kare kansu da ita. Winston Churchill na neman kujerarsa a zaɓen cike gurbi a Manchester, yana goyon bayan ƙudurin. Eva da Esther suka tayar masa da ƙura, yayar Eva, Constance Markievicz, ta tuƙa keken da fararen dawakai huɗu ke ja a tsakiyar gari tana tara jama'a. Churchill ya faɗi, wani ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau mai suna William Joynson-Hicks ya ci. A riƙe wannan suna. A 1916 kuma Eva da Esther, tare da wasu abokai, suka fara buga wata ƙaramar mujalla da ake rabawa a hannu, wadda ke ƙalubalantar raba ɗabi'un mutane gida biyu, na maza da na mata. Kabari ɗaya suke a Hampstead, Landan.

Ethel Smyth ta shiga WSPU a 1910 bayan ta ji jawabin Emmeline Pankhurst, kuma ta kamu da ƙaunarta. Ta ajiye kiɗa shekara biyu don gwagwarmaya, ta tsara waƙar da ta zama taken ƙungiyar. A watan Maris na 1912, da ƙungiyar ta shirya fasa tagogi a Landan, Smyth ta jefi gidan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen renon Ingila kuma babban mai adawa da ƙuri'ar mata. Shi ne mutumin da aka sa wa Fatakwal sunansa, kuma a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewacin Nijeriya a 1914. An yanke mata wata biyu a gidan yarin Holloway. Madugun makaɗa Thomas Beecham, da ya je duba ta, ya ba da labarin yadda ya tarar da fursunoni mata suna zagaya fili suna rera waƙarta, ita kuma tana leƙe ta taga tana ba su amo da buroshin goge baki.

Waɗanda suka shiga yajin cin abinci, tun 1909 ake yi musu ɗura da roba ta hanci ko ta baki. Daga 1913 gwamnati ta koma sakinsu in sun galabaita, ta sake kama su in sun farfaɗo. Likitar da ke karɓar da yawansu a tsakanin saki da kamu ita ce Flora Murray. Abokiyar zamanta, Louisa Garrett Anderson, likitar tiyata ce da ita ma ta yi zaman Holloway a 1912. Da yaƙin duniya ya ɓarke, su biyun suka buɗe asibitin soja na Endell Street a Landan a 1915, mata ne ke tafiyar da shi, kuma ya kwantar da majinyata kimanin 26,000. Gwamnatin da ta ɗaure ɗaya daga cikinsu ita ce ta miƙa musu sojojinta. A dutsen kabarin Murray, wanda ke ɗauke da sunan Anderson ma, an rubuta cewa sun yi rayuwar farin ciki matuƙa. Direbar motar shugabannin WSPU, Vera Holme, wadda ake kira Jack kuma take shigar maza, ta bi abokiyar zamanta Evelina Haverfield aikin jinya a Sabiya, inda Haverfield ta rasu a 1920 tana kula da marayun yaƙi. Cikin maza kuwa, marubuci Laurence Housman, wanda shi ma mai son jinsinsa ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maza masu goyon bayan ƙuri'ar mata a 1907.

Abokan gaba ba su yi barci ba. Katunan barkwanci na wancan lokaci cike suke da hoton mai neman ƙuri'a a matsayin mummunar tsohuwa mai wando da muryar namiji, wadda ta rasa mijin aure shi ya sa take hayaniya. A 1912 fitaccen likita Almroth Wright ya rubuta wa jaridar Times doguwar wasiƙa yana cewa taɓin hankali ne ke damun matan, rarar matan da ba su samu miji ba kuma gara su tafi ƙasashen ƙetare su nema. A daidai wannan zamani ne likitoci irin su Krafft-Ebing a 1886 da Havelock Ellis a 1897 suka fara rubuta soyayyar jinsi ɗaya a matsayin wata halitta ta daban da ake nazari. Zaman da a da ake kallo da mutunci sai ya fara jawo raɗa.

Wannan makami ba baƙo ba ne a wurinmu. Lokacin da Hajiya Gambo Sawaba da matan NEPU suka tashi neman a ba matan Arewa ƙuri'a a shekarun 1950, ba hujjarsu aka tsaya rushewa ba, mutuncinsu aka taɓa, aka kira su da sunan da kowa ya sani, aka ɗaure ta sau da dama. Rayuwarta ba ta da wata alaƙa da batun wannan rubutu, kuma zagin ma daban ne. Dabarar ce iri ɗaya: in mace ta hau mumbari, a mai da magana kan gadonta. Matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai 1976.

Martanin shugabannin Amurka da Ingila shi ne su rufe ƙofa da kyau. Aka riƙa fitowa tattaki cikin fararen riguna, aka sa iyaye mata da jarirai a gaba, aka riƙa nanata cewa ƙuri'a za ta ƙara wa uwa ƙarfin kare gidanta. Matan da ba su da miji ko ɗa su ne suka fi kowa iya wannan jawabi. Wadda ba ta iya ɓoyewa ba kuwa, aka ture ta gefe. Dakta Mary Walker, likitar da ta yi aiki a yaƙin basasar Amurka kuma mace ɗaya tilo da aka ba lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar, ta dage da sa wando da kwat irin na maza, an kama ta sau da dama a kan haka. Shugabannin ƙungiya sun nisanta kansu da ita domin tana ba maƙiya hoton da suke nema. Wannan abu yana sosa mini rai, domin cikin masu ture ta akwai waɗanda suka san abin da ake nufi da zama daban.

A Jamus ne aka samu wadda ta fasa ƙwan a bainar jama'a. A watan Oktoban 1904, wata matashiyar 'yar jarida da ke amfani da sunan Anna Rüling ta yi jawabi a Berlin gaban ƙungiyar likita Magnus Hirschfeld mai kare haƙƙin masu son jinsinsu. Ta ce da yawa daga cikin jagororin gwagwarmayar mata masu son mata ne, amma ƙungiyoyinsu ba su ɗaga ko yatsa don kare irinsu ba. Ta ce ba za ta kira suna ba. Ba ta bukatar kira. Anita Augspurg, Bajamushiya ta farko da ta samu digirin dakta a fannin shari'a, da Lida Gustava Heymann, su suka kafa ƙungiyar neman ƙuri'ar mata ta farko a Jamus a birnin Hamburg a 1902, kuma sun rayu tare kusan shekara 40.

Kada kuma a ɗauka cewa wanda aka ware dole ya ji tausayin wanda aka ware. M. Carey Thomas ta yi imani da fifikon farar fata, ta yi ƙoƙarin toshe wa baƙaƙe da Yahudawa ƙofar kwalejinta, har ta kai daga baya kwalejin ta cire sunanta daga ginin da ke ɗauke da shi. Shaw ta yi ƙorafi a fili cewa an ba baƙaƙen maza ƙuri'a an ɗora su a kan fararen mata. A taron New Orleans na 1903 NAWSA ta bar wa rassanta na Kudu damar ƙin karɓar baƙaƙen mata, kuma a babban tattakin Washington na 1913 an nemi Ida B. Wells ta koma baya, ta ƙi. A Ingila, Mary Allen, wadda ta sha ɗauri da ɗura saboda ƙuri'a kuma ta zauna da Margaret Damer Dawson, ta ƙare a matsayin mai sha'awar Hitler. Alice Dunbar-Nelson kuwa ta zaga Pennsylvania a 1915 tana yi wa ƙuri'ar mata kamfe, tana ɗauke da kaya uku a ka: launin fata, zama mace, da sirrin da ba za ta iya faɗa wa ko 'yan cocinsu ba. Bayan 1920 fararen abokan tafiyarta suka tafi rumfar zaɓe, miliyoyin baƙaƙen matan Kudu kuwa sai da suka jira dokar kare 'yancin zaɓe ta 1965.

Samun ƙuri'a bai sauƙaƙa wa waɗannan gidaje ba, ƙara matse su ma aka yi. Jamus ta ba mata ƙuri'a a Nuwamban 1918. A 1923 Augspurg da Heymann suka je wurin ministan cikin gida na Bavaria suka nemi a kori Hitler daga ƙasar, tunda ɗan Ostiriya ne, ba a saurare su ba. Da ya hau mulki a 1933 suna tafiya a ƙasar waje, ba su sake komawa ba. Aka ƙwace dukiyarsu, aka lalata ɗakin karatunsu da takardun gwagwarmayar shekaru, suka rasu a Zurich a 1943, wata biyar tsakani.

Birtaniya ta ba matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin dukiya ƙuri'a a 1918, kimanin mata miliyan 8 da dubu 400. Shekara uku bayan haka, a 1921, Majalisar Wakilai ta amince a mai da maɗigo laifi kamar yadda dokar 1885 ta yi wa maza, dokar da aka ɗaure marubuci Oscar Wilde da ita. Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi, kuma ba don tausayi ba. Hujjarsu ita ce mafi yawan matan ƙasar ba su taɓa jin labarin abin ba, doka kuwa za ta sanar da su. A watan Yulin 1928 aka daidaita shekarun zaɓe, mace da namiji duka 21. Sakataren harkokin cikin gida da ya gabatar da wannan ƙuduri shi ne William Joynson-Hicks, mutumin da Eva Gore-Booth da Esther Roper suka taimaka ya kayar da Churchill shekara 20 baya. Bayan 'yan makonni, shi ɗin dai ya sa ƙafa ya taka littafin Radclyffe Hall, ƙagaggen labarin wata mace mai son mata, wanda babu batsa a cikinsa, roƙo kawai yake a bar irinta su rayu. A watan Nuwamba kotun Landan ta yanke cewa littafin batsa ne, ta ba da umarnin a lalata kofensa, kuma ba a sake buga shi a Birtaniya ba sai 1949.